Ƙafar da Baba Haro Ya Jefo Daga Kan Rumfa

Baba Haro mai walda ya rasu wata Talata da hantsi, a rumfarsa ta Ƙofar Sauri. Yana zaune a kan tsohuwar tayar da ya mayar kujera, guduma a cinyarsa. Ni na fara lura, don shirun ya yi yawa. Mutum ne da ba ya iya ɗaukar lokaci bai zagi wani ƙarfe ba.

Ku da kuka san shi kun san tsaninsa. Duk abin da ya ƙera, murhu ne, baro ne, ƙyauren taga ne, sai ya hau tsanin nan da shi, ya tsaya a kan kwanon rumfa, ya ce, "A kauce," ya sako shi ƙasa. In ya karye, ya sake wani. In bai karye ba, a miƙa wa mai shi. Kullum maganarsa ɗaya ce: ƙarfen da bai sha ƙasa ba, ba a san halinsa ba.

Akwai wani Alhaji daga Ƙofar Kaura da ya sa a yi masa kejin janareta. Ya zo karɓa da damina, cikin farar babbar riga, an yi ruwa da asuba. Bai san al'adar wurin ba, ya ji an ce a kauce, ya tsaya yana duba wayarsa. Keji ya faɗo cikin taɓo. Rigar ta koma kamar ta mai yaɓen ɗaki.

"Malam Haro, mine ne haka? Kayana ne hwa."

"Bai zama naka ba tukuna, Alhaji. Na ƙasa ne. Tun da ta bar shi, kana iya ɗauka."

Alhaji ya ɗauka. Kejin yana nan har yau, janaretan ne ya mutu.

Ni sunana Mamman. Daga ƙauye nake, yamma da nan. Ba sai na faɗi sunansa ba, ba kowa a can yanzu. 'Yan bindiga sun shigo mana da rana tsaka, ana shirin girbi. Sun kashe matata da wana. Harsashi ya same ni a cinyar hagu, na kwana biyu cikin gero kafin a tsince ni. A asibiti aka yanke ƙafar, sama da gwiwa. Iyakar abin da zan ce a kan wannan ke nan.

Da aka sallame ni ba ni da wurin komawa. Na riƙa zama a bakin masallacin da ke kusa da rumfarsa, da sandar katako da aka ba ni. Mutane suna wucewa suna ajiye abin da ya sawwaƙa. Baba Haro bai taɓa ajiye mini komai ba. Ran nan ya tsaya a kaina, bai yi sallama ba, ya ɗauke sandar, ya tafi da ita. Ina kallo ya hau tsani. Ta rabu biyu.

Na ce, "Baba, da mi zan tashi yanzu?"

Ya ce, "Da ma ina za ka?"

Bayan la'asar ya kawo mini ta ƙarfe, da roba a gindinta. Ya ce in biyo shi. Ya zaunar da ni gaban tulin tsofaffin ƙusoshi, ya ba ni ƙaramar guduma, ya ce in miƙar da su. Tun ranar yake kirana Ƙafa-ɗaya. Wasu suka ce rashin tausayi ne. Ni ban ji haka ba. Shi kaɗai ne a garin nan bai sassauta murya ba in zai yi mini magana.

Abin mamaki, mutumin da yake jefa komai bai taɓa zubar da komai ba. Guntun sandar walda da bai kai ɗan yatsa ba sai ya sa shi a gwangwanin madara. Gwangwanayen sun cika rabin rumfa. Ganyen shayi ɗaya yakan kai shi daga Juma'a zuwa Litinin, yana shanya shi a kan injin walda. Tabarau ɗinsa na walda ido ɗaya ya fashe tun kafin in zo. Na ce ya sayi wani. Ya ce Allah ya ba shi fatar ido kyauta, in ya runtse na daman ai an gama.

Shekara uku ina miƙar da ƙusa, ina goge tsatsa, ina riƙe masa ƙarfe. Na roƙe shi ya koya mini walda. Ya ce walda a tsugune ake yinta, ni kuma ba ni da abin tsugunawa. Sallah ma a zaune nake yi, a ƙarshen sahu, jikin bango, wajen takalma. Malamai sun ce ta karɓu, na sani. Amma in mutane suka miƙe gaba ɗaya aka bar ni ƙasa, sai in tuna gonar geron nan. Abin da nake so bai wuce wannan ba: in tsaya cikin sahu, in sauka tare da mutane, in tashi tare da su. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ban san Baba ya lura ba.

Sai ga ɗalibai. Wata yarinya ce ta zo, Binta, 'yar cikin gari, tana karatun injiniya a jami'a. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta ce akwai wata gasa ta duniya. Ana haɗa ɗalibai daga ƙasashe daban-daban a rukuni ɗaya, su ƙera abu tare ba tare da sun haɗu ba, sai ta waya. Rukuninsu su uku ne: ita, da wani Tomas a Jamus, da wani Ravi a Indiya. An ce su ƙera ƙafar roba mai sauƙin kuɗi, wadda za a iya gyarawa a inda mai ita yake zaune. Suna neman mai walda, suna neman mai ƙafa ɗaya. An ce mata a nan za ta samu duka biyun.

Baba ya ce, "Shi ga shi nan, tambaye shi. Ni ba na aiki da takarda."

Na ce na yarda. Ba ni da abin da zan rasa.

Ranar farko Binta ta jingina wayarta da gwangwani, fuskoki biyu suka fito. Ita ce tafinta. Baba ya gyara zama, ya fara gaisuwa. Ina wuni. Ina gajiya. Ya iyali. Ya mutanen gida. Ya ruwa a wajenku. Ya aka ji da karatu. Ravi yana ta kaɗa kai yana murmushi. Tomas ya faɗi kalma ɗaya, ya ɗaga takarda zai fara bayani.

Baba ya dubi Binta. "Wannan ba shi da iyaye ne?"

"Yana da su, Baba."

"To ki ce mishi na tambaye su."

Daga ranar Tomas bai ƙara fara magana ba sai ya ba da labarin uwarsa da ubansa da wata kakarsa mai ciwon ƙugu. Baba har magani ya ba da a faɗa wa kakar. Kuma in an kawo abinci ana cikin magana, sai ya miƙa kwano wajen wayar ya ce bismillah, sannan ya rufe ta da tsumma, don bai kamata a ci abinci baƙo yana kallo ba. Haka za ka ji muryar Bature tana fitowa daga ƙarƙashin tsumman mai, yana ta lissafi.

Wata huɗu suka yi. Sun auna ni ta ko'ina. Tomas ne mai lissafin gwiwa, Ravi mai zanen tafin ƙafa, Binta mai haɗawa. Yawancin kayan a jami'a aka yi su da wani inji, Baba ƙarfe biyu kawai aka ba shi ya haɗa. Ya haɗa, amma ba a bar shi ya riƙe ƙafar ba. Binta ta riga ta ji labarin tsani.

Ranar da aka ɗaura mini ita, fara ce sol, ba nauyi. Na tashi. Na taka daga rumfa zuwa bakin titi na dawo, ba sanda. Na zauna a kan benci, na miƙe. Na hau dakali, na sauko. Yaran cikin waya suna tafi. Binta ta juya baya tana share ido.

Aka kira azahar. Na bi mutane, na wuce bangon nan da wajen takalma, na shiga tsakiyar sahu na biyu. Na yi tsayuwa. Na yi ruku'u. Liman ya yi kabbarar sujada, kowa ya sauka, ni ma na sauka. Gwiwar ta lanƙwasa rabi ta tsaya cak. Na tafi ta gefe, na danne mai shayin unguwa, shi kuma ya danne na kusa da shi. Maɗaurin ya kwance. Ƙafar ta zame ta fito ta ƙasan wando, ta kwanta a tsakiyar sahu da takalminta.

Ba wanda ya yi dariya sai bayan sallama. Ban ga laifinsu ba. Na rarrafa na koma jikin bango na ƙarasa a zaune. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ko lokacin da nake bara.

Baba ne ya ɗauko ta daga masallaci, a kafaɗa. Bai tsaya ba sai gindin tsani.

Binta ta ce, "Baba, don Allah. Don girman Allah."

"A kauce."

Ta tarwatse gida biyar. Gwiwar ta gangara har cikin kwata.

Binta ba ta yi kuka ba. Muryarta ce ta yi sanyi. Ta ce, "Wata huɗu muka yi, Baba. Saura sati uku a rufe gasa. Ka san abin da ka yi?"

"Na sani. Ke kin san abin da kika yi? Wancan Bature ne, ban ga laihinshi ba. Ke sau nawa kike sa goshi ƙasa a rana?"

Ta ce takardar gasar abu uku ta ce a gwada: tafiya, hawa bene, zama a kujera.

"Kujera nawa kika gani a ɗakin Mamman? Bene nawa? A kan mi yake cin tuwo? Ya yake shiga bayi? Kun ƙera ƙafa don mutumin cikin takarda, kun ɗaura wa Ƙafa-ɗaya. Ki tahi ki nemo mutumin takardar ki ba shi."

Ta tsince guntayen cikin gyalenta ta tafi, ba sallama. Na yi kwana biyu ban yi wa Baba magana ba. Ko ba ta sujada, ƙafar tana tafiya, kuma tawa ce. A kwana na uku na ce masa, "Baba, da ka bar mini ita." Ya ce, "Da na bar maka ita, da ka koma jikin bango da ƙafa biyu. Ya fi muni."

Ranar Binta ta dawo, ta jingina wayar. Ta gaya musu komai. Ravi ya dafe kai, ya ce kakansa a ƙasa yake zama, a ƙasa yake ci, a tsugune yake komai, shi ma ya manta, don takardar ba ta tambaya ba. Tomas ya ce gwiwar da za ta naɗe duka sai ta yi nauyi, alƙalan gasa kuma suna rage maki a kan nauyi. Ya ce in suka canja, da wuya su ci. Suka yi ta musu da Turanci, ni ina kallon bakinsu. Daga baya Binta ta juyo wajena.

"Malam Mamman, kai za ka sa ta. Wacce kake so?"

Na ce, "Wadda za ta durƙusa."

Tomas ya ce shi bai taɓa ganin yadda ake wannan sallar da kyau ba, ba zai iya lissafin abin da bai gani ba. Baba ya shimfiɗa buhu a gaban waya. Ya yi tsayuwa, ya yi ruku'u, ya sauka, ya zauna zaman tahiya, gwiwoyinsa suna ƙara kamar tsohon ƙyaure. Tomas ya ce a sake, a hankali. Ya sake. Ya ce a juya ta gefe. Ya juya. Ya ce yana son ganin yadda yatsun ƙafa suke lanƙwashewa. Binta ta kai wayar har dugadugan Baba. Aka yi ta yi har gumi ya jiƙa masa riga, tari ya sarƙe shi.

Da ya samu numfashi ya ce, "Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jera nafila haka ba. Kuma duk don Bature."

Sati ukun nan ba a yi wani aiki a rumfar ba. Masu murhu da masu baro suka yi ta zuwa suna komawa. Tomas ya aiko sabon lissafi, Binta ta zana shi da alli a ƙasa, don Baba ya ce shi ƙasa yake karantawa. Ravi ya ce a yi tafin da tsohuwar tayar babur, a tsaga gaban don ya lanƙwashe. Gwiwar kuma Baba ya shiga cikin tarkacensa ya fito da sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan na shokozobar babur, da ya ajiye tun ban san yaushe ba. Tomas ya ce ba zai yi ba. Baba ya ce a gwada. Bai yi ba. Tomas ya ce a rage zagaye biyu. Aka rage, ya yi. Baba ya ce a gaya wa yaron yana da kai, kakarsa ta iya reno.

Duk waldar da guntayen cikin gwangwani aka yi ta. Ya ce, "Ka gani? Da na zubar, da yau da mi za ka yi sallah?"

Biyu aka ƙera iri ɗaya, ɗaya a aika wa alƙalai, ɗaya tawa. Baƙa ce, mummuna, kamar abin da aka ciro daga ƙarƙashin mota. Da aka gama Binta da kanta ta miƙa masa, ta riƙe tsanin. Yaran cikin waya suka rufe baki da hannu. Ta faɗo, ta yi tsalle, ta bugi ganga, ta kwanta. Ba abin da ya same ta. Ya sake hawa da ita, ya ce ta mutum ce, sau biyu ake yi.

Ran Juma'a na shiga sahu. Mai shayi da ya gan ni kusa da shi ya matsa kaɗan. Na sauka tare da mutane. Na tashi tare da su. Raka'a biyu ce, amma da aka sallame na kasa miƙewa, ba don ƙafar ba. Baba yana bayana. Ya zungure ni da yatsa ya ce, "Tashi, ka tare hanya."

Ba su ci gasar ba. Ko kusa ba su zo ba. Alƙalai sun ce ta yi nauyi, kuma aikin ba shi da kyan gani. Binta ta zo da labarin fuskarta a kumbure. Baba yana goge wani ƙarfe, bai ɗago ba.

"Su alƙalan, sun jefa ta?"

"A'a, Baba."

"Ta waɗanda suka ci, an jefa?"

"Ba a jefawa, Baba."

"To ba a yi gasar ba tukuna."

Washegari ya miƙo mini tabarau ɗin nan mai ido ɗaya, ya ce in tsuguna.

Tarin bai sake shi ba. Hayaƙin walda na shekara da shekaru ya cinye masa ƙirji. Binta ta yi, na yi, maƙwabta sun yi, ya ƙi asibiti. Ya ce su can in sun gyara mutum ba sa gwadawa, sallamarsa kawai suke. Daga baya tsanin ya gagare shi. Yakan zauna a kan taya, ni in hau da kaya, shi ya ce a kauce daga ƙasa, da muryar da ba ta kai bakin titi. Wata bakwai muka yi haka, ya koya mini abin da ya samu koyarwa, da zagi.

Ranar da ya rasu, bayan azahar aka yi masa sallah. Ina sahun farko. Sallar gawa ba ta da ruku'u, ba ta da sujada, tsayuwa ce kawai. Ina tsaye nake tunanin da yana gani sai ya ce an yi asarar gwiwa. Na danne dariya, sai wani abu daban ya fito.

A maƙabarta aka nemi waɗanda za su karɓe shi a bakin rami. Ba shi da ɗa namiji. Na matsa gaba. Wani ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam, kai da lalura." Na cire hannunsa. Na durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, ta nama da ta ƙarfe. Na tallabi kafaɗunsa. Bai kai nauyin kejin Alhaji ba. Muka sauke shi a hankali, muka kwantar da shi a gefen dama, aka jera itace, na riƙa karɓar kwaɓaɓɓiyar ƙasa ina liƙe kafofin. A duk abin da ya fito daga rumfar nan, shi kaɗai ne ya isa ƙasa ba a jefa ba.

Binta ta kira yaran daga baya. Tomas ya ce a gaya mini yana tambayar gida, da gajiya, da haƙuri. Da Hausa ya faɗi haƙurin.

Allah ya jiƙan Baba Haro. Allah ya sa ƙasar da ya yi ta jifa ta yi masa taushi. Nafilolin nan da ya ce don Bature ya yi, Allah ya san don wa aka yi su, ya rubuta masa su cikakku.

Ni ina rumfar. Gwangwanayen suna nan, tsanin yana nan. Binta ta gama karatu, takan kawo mini mutane daga ƙauyukan yamma, irina, suna da yawa. Ita take awo, ni nake walda. In an gama ƙafa in hau tsanin da ita, in ce a kauce.